Ɓarawon da Ya San Ranar Haihuwar Kowa

Ihun Mai Kitso ne ya tsayar da aiki a ginin shagunan ranar Litinin da hantsi. Ta fito da mataji a hannu ɗaya, waya a ɗayan, ta bar wata baiwar Allah a kan kujera da rabin kai a tsefe.

"Sun kwashe! Wallahi sun kwashe tas!"

Ita ce ta uku cikin kwana goma. Da mai wanki da guga aka fara, aka bi da mai sayar da takalma, yau kuma ga ta. Hanyar ɗaya ce. Saƙo zai shigo cewa za a rufe maka asusun banki. Kafin ka gama firgita sai wani mai tattausar murya ya kira, ya faɗi cikakken sunanka da ranar haihuwarka da lambobin ƙarshe na katinka, sannan ya ce ka karanto masa lambar da aka turo maka yanzun nan don a gyara matsalar. Kana karantawa zai yi maka godiya har da addu'a, ya kashe.

Baba Mai Sawu yana kan bencinsa a bakin ƙofa. Shekara talatin ya yi yana gadin gandun daji, yana bin sawun masu farautar sata, kafin ciwon gwiwa ya dawo da shi gadin wannan ginin. Ya san halin jama'a idan ta firgita: wanda ya fi kusa da hannu take fara nema. Wadda ta fi kusa kuwa 'yarsa ce, mai gyaran waya a ƙarƙashin matattakala, wadda kowa ke kira Injiniya.

Shugaban ƙungiyar masu shaguna, mai sayar da labule a bene, ya sauko yana gyara babbar riga.

"Jama'a, a yi hankali," in ji shi. "Ni ban kama sunan kowa ba. Tambaya kawai zan yi. Wayoyin nan uku, hannun wa suka bi a watan nan?"

Ai kuwa duk idanu suka koma ƙarƙashin matattakala. Mutanen da jiya suke roƙon ta duba musu bakin caji kyauta, yau su ne ke cewa dama sun daɗe suna lura da ita. Wani ya ce ɓarauniya a hankali, wata ta maimaita da ƙarfi.

Injiniya ta ajiye ɗan sukudirebanta, ta miƙe.

"Wanda ya ce ɓarauniya ya matso ya faɗa a gabana, in ga fuskarsa."

Ba wanda ya matso. Shugaba ya ce ƙungiya za ta zauna ranar Alhamis bayan azahar, kuma shawararsa ita ce ta kwashe teburinta salin-alin kafin ranar, don a rufa wa mahaifinta asiri.

"Asirin Babana a rufe yake," in ji ta. "Teburin nan kuwa, sai dai ku ɗauke shi da ni a kai."

*

Da aka watse, Baba Mai Sawu ya ja ƙafa ya je wurinta. A daji ya koyi cewa sawun da ke bakin ƙofarka shi ake fara dubawa, ko da na karenka ne. Ya tsaya yana murza hularsa.

"Ke da Allah, faɗa mini. Idan an kawo miki waya, kina buɗe abin da ba a sa ki ba?"

Ta ɗago ta dube shi. Duk zagin da aka yi mata ɗazu idonta a bushe yake, amma yanzu ya ciko. Ta zaro mukullin aljihun teburinta da wayarta, ta dangwarar a gabansa.

"Ga su nan, Baba. Bincika."

Bai taɓa su ba. Ya koma bencinsa da nauyin da ya fi na gwiwar, don ya san tambayar ta fita kuma ba ta komawa. Shekara huɗu yarinyar nan ta yi tana gina sunanta a sana'ar da ake ce mata ta maza ce. Idan aka kore ta da sunan sata, babu mai sake miƙa mata waya a ko'ina, kuma kwana uku kacal ya rage.

*

Washegari ya fara zagaye. Bai tambayi kowa wa yake zargi ba, don wannan kowa na da amsarsa a baki. Abu ɗaya ya nema: a maimaita masa abin da mai kiran ya faɗa, daga sallama har sallama.

Mai wanki ya maimaita, mai takalma ya maimaita. Duka biyun suka ce mutumin ya san komai daidai, ko harafi bai kuskure ba.

A shagon burodi ya ji sabon labari. Mai Burodi, dattijuwar da ba ta barin ko ta kwana, ta ce ita ma an kira ta makon jiya.

"Ya jero mini sunana da ranar haihuwata kamar shi ya yanke mini cibiya. Wai in karanto masa lamba. Na ce, ɗan nan, in kai ne bankina, ka ajiye mini kujera, ga ni nan tafe da ƙafata. Bankin da ke da kuɗina shi ne zai tambaye ni mukullin ɗakinsa? Sai ya fara rantse-rantse. Na ce ka ci gaba, katinka ne ke ƙonewa."

"Me ya hana ki faɗa wa mutane?"

"Na faɗa mana! Suka ce tsufa ne ke damuna."

"Wayarki ta taɓa zuwa wurin Injiniya?"

Ta zaro wata 'yar ƙaramar waya mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba.

"Wannan? Shekararta tara, ko ciwon kai ba ta taɓa yi ba."

Baba Mai Sawu ya ji iska ta ɗan shige shi. Ga sawu na huɗu, kuma bai bi ta ƙarƙashin matattakala ba. Ya tambaye ta inda ta rubuta sunanta da bankinta a 'yan kwanakin nan. Ta yi tunani ta ce babu, in ban da takardar tallafin jari da Shugaba ya raba wa masu shaguna wata biyu da suka wuce. Kowa ya cike, ya kai wa Mai Kwafi ya buga masa kwafin ajiya, sannan ya hau bene ya miƙa ta asali. Tallafin dai har yau ana jira.

*

Mai Kwafi ya ga Baba Mai Sawu ya nufo shagonsa, sai ya fara zufa tun ba a tambaye shi komai ba. Sabon babur yana jingine a ƙofar, ko ledar kujerarsa ba a cire ba.

"Baba, kallon babur ɗin nan kake yi. Wallahi surukina ne ya saya mini, ga takardar shaida."

"Ni ban tambaye ka babur ba. Takardun tallafi nake nema."

Ya rantse cewa ba ya ajiye kwafin kowa. Da suka haɗa ido, sai ya sunkuya ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin injin. Takardun da suka fito da baƙi ko a karkace ne yake tarawa, yana sayar wa masu ƙunshe kaya. A ciki akwai na masu shaguna wajen goma, suna da banki da ranar haihuwa duk a fili.

"Sirrin mutane kake sayarwa a naɗe sabulu da shi?"

"Ban taɓa kawo wa raina haka ba, Baba."

Baba Mai Sawu ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya. Akwai ta mai takalma, akwai ta Mai Kitso, babu ta mai wanki, babu ta Mai Burodi. Ya ɗauki kwalin gaba ɗaya ya ce zai ƙona. Mutumin nan sakarai ne, wannan babu shakka, kuma zai iya yiwuwa ta wurinsa ɓarnar ta fita. Amma sawu biyu cikin huɗu bai isa a ce ga hanyar dabba ba.

*

Mai Kitso ya bari ƙarshe, sai ranar Laraba. Tun Litinin ya ji ta ba da labarin kiran sau ya fi biyar. Matar da ba ta mance ko tarin da mai kiran ya yi, kullum idan ta zo kan ranar haihuwa sai ta ce "da sauransu" ta wuce. A daji, idan dabba tana tafiya daidai sai ta yi tsalle a wuri guda, to akwai abin da ta tsallake, kuma nan ake tsugunawa a duba.

Ya jira shagon ya zama babu kowa, ya shiga ya zauna a kujerar masu kitso.

"Ƙanwata, wace shekara mutumin nan ya ce an haife ki?"

"Haba Baba Mai Sawu, ana tambayar mace wannan?"

Ya zaro kwafin takardarta daga aljihu ya ajiye a gaban madubi.

"Wannan ya faɗa?"

Ta dubi takardar, ta dubi ƙofa, ta shiga jera matajai da suke a jere. Can ta ce a'a.

Maganar ta fito da ƙyar. Ta cike takardar da shekarunta na gaskiya, hamsin da ɗaya, ta buga kwafi, ta hau bene. A can Shugaba ya ce mata tallafin na 'yan ƙasa da arba'in da shida ne. Ya ba ta sabuwar takarda, ya ce ta rage shida, shi zai kau da kai. A kan teburinsa ta cike, a hannunsa ta bari, ba ta buga kwafi ba. Da mai kiran ya faɗi wannan shekarar, sai ta ɗauka maganar tallafin ce ta iso banki, shi ya sa ta saki jiki.

"A wayarki wace shekara ce?"

"Hoton katin shaidata ne a ciki. Ta gaskiya."

"A banki fa?"

"Ta gaskiya." Ta kama bakinta. Sai yanzu ta ji abin da take faɗa. "Wayyo, yarinyar nan!"

Amma nan take ta riƙe hannun rigarsa. Ta ce ya rufa mata asiri. Shekara goma tana gaya wa matan ginin nan arba'in da 'yan kai, ga shi kuma ta yi ƙarya a takarda. Idan ya fita, da wane ido za ta dubi mutane?

Ransa ya ɓaci ƙwarai, har ya ji kamar ya daka mata tsawa. Ya daure.

"Ba zan faɗa ba. Shekarunki ne, ba nawa ba. Amma gobe za a kori 'yata da sunan ɓarauniya, kuma kina zaune a wurin."

*

Ranar Alhamis aka jera kujeru a tsakar ginin. Injiniya ba ta zauna cikin taron ba. Tana teburinta tana canza wa wata waya gilashi, bayanta a miƙe, kamar taron na wasu ne. Kwana uku ba ta yi wa mahaifinta magana ba in ban da gaisuwa.

Shugaba ya buɗe da dogon bayani kan amana da mutuncin gini. Da ya nemi a ɗaga hannu, Baba Mai Sawu ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, mai gadi na da magana."

Ya sa Mai Burodi ta ɗaga wayarta mai roba, ta faɗi nata labarin. Ya tambaya ko akwai wanda aka kira alhali bai cike takardar tallafi ba. Babu. Ya ce to, takardar hannu biyu ta bi, na Mai Kwafi da na Shugaba.

Mai Kwafi ya zabura zai rantse, Shugaba ya riga shi da dariya.

"Kun ji ko? Uba ne ke kare 'yarsa, ba laifinsa ba ne. Yarinyar da ke da wayoyin rabin ginin nan, samun lambar Mai Burodi zai yi mata wuya? In kuma takarda ce, ga wanda ke sayar da su a kwali. Malam, nan ba daji ba ne. Kana da shaida, ko labarin kuraye za ka ba mu?"

Wasu suka yi dariya. Baba Mai Sawu yana da shaidar a bakinsa, kalma biyu ce, amma ya yi alkawari. Ya tsaya da sandarsa bai dubi kowa ba, bai kuma zauna ba.

"Ba zan zauna ba," in ji shi. "Akwai mai shaida a wurin nan. Zan tsaya har ta samu ƙarfin tashi, ko gwiwar nan ta kayar da ni."

Ƙafar tasa ta fara rawa, kowa na gani. Shugaba ya buɗe baki zai sake neman hannu, sai kujera ta yi ƙara.

"Shekarata hamsin da ɗaya!" Mai Kitso ce a tsaye, ta riƙe ƙugu. "E, na faɗa. Mai dariya ta yi, dama wasunku sun girme ni suna shafa baƙi a kai, kuma ni nake shafa musu!"

Ta zayyane komai: takarda ta biyu, teburin bene, shidan da aka ce ta rage. Ta juya ga Shugaba.

"Shekarar ƙaryar nan, duk duniya mu biyu muka san ta, ni da kai. Ba ta cikin wayata, ba ta banki, ba ta kwalin wancan sakaran. To ɓarawon da ya kira ni ita ya karanto mini. Ni dai ban ba shi ba."

Shugaba ya ce ai mata ba a biye musu. Ya ce ruɗewa ce. Ya nemi wanda zai taya shi, bai samu ido ko ɗaya ba. Mai wanki, wanda kuɗin aikin idon mahaifiyarsa ne ya tafi, ya taso a hankali ya tsaya a gabansa ya ce ya nuna musu ofishin da ya kai takardun.

Nan Shugaba ya amsa cewa babu ofis. Saƙo ne ya shigo masa shi ma, daga wata gidauniya da bai taɓa ganin ko ƙofarta ba. Wani mai tattausar murya ya ce ya tara takardu ya ɗauki hotonsu ya turo, akwai ɗan hasafi a kan kowace. Ya tura guda talatin da biyu. Ranar da aka kwashe wa mai wanki kuɗi Shugaba ya kira lambar ya ji ta a kashe, tun ranar ya gane.

"Tun ranar ka gane," in ji Baba Mai Sawu. "Da ka buɗe baki, da mai takalma da Mai Kitso ba su shiga ba. Sai ka duba gini kaf ka zaɓi wadda kake ganin ba ta da gata."

Tsakar ginin ta kaure, wasu na neman dukan Shugaba. Mai Burodi ce ta buga faranti ta ce duka ba ya dawo da kuɗi, kuma akwai sauran mutum ashirin da takwas da sunansu ke hannun ɓarayi. Nan aka tsayar cewa gobe da safe duk wanda ya cike takardar zai je bankinsa da ƙafarsa a canza masa kati, waɗanda aka cuta su kai ƙara, Shugaba kuma ya bi su da wayarsa ya yi bayani da bakinsa. Ko kuɗin zai dawo, wannan babu wanda ya iya yi wa wani alkawari.

*

Sai kuma aka fara lallaɓowa ƙarƙashin matattakala ɗaya bayan ɗaya, ana ƙasa da murya: Injiniya, a yi haƙuri, sharrin shaiɗan ne.

Ba ta ɗago daga aikinta ba.

"Ba na jin raɗa," in ji ta. "Da ƙarfi aka kira ni ɓarauniya, a tsakar ginin nan, masu wucewa a titi suna ji. Mai ba da haƙuri ya je inda ya tsaya ranar Litinin ya faɗa da irin muryar."

Aka tsaya cirko-cirko, kowa na jiran wani ya fara. Wata ta ce yarinyar nan ta cika taurin kai, ai an ba ta haƙuri.

Baba Mai Sawu ya dogara sandarsa ya ratsa su. Ya je tsakiyar fili, ya cire hularsa. Wani ya ce, "Haba Baba, kai da ka wanke ta?" Bai kula shi ba. Ya ɗaga muryar da ya saba kira da ita daga wannan tudu zuwa wancan.

"Jama'a, ku ji! Ranar Litinin na tambayi 'yata ko tana buɗe wayar mutane. Ni na haife ta, na san wadda na haifa, amma na tambaya. Ban kyauta ba. Injiniya, ki yafe wa ubanki."

Ɗan sukudireban ya tsaya a hannunta. Ta daɗe tana kallon gilashin da ke gabanta, sannan ta goge ido da bayan hannu, ta taso ta zo ta karɓi hular ta mayar masa a kai.

"Baba, je ka zauna, ƙafarka na rawa."

Ta raka shi har benci. Da ta juyo, Mai Kitso ta riga ta tsaya a tsakiyar filin tana gyara murya, mutane sun fara yin layi a bayanta.